Nasiha a Kan Tsawon Rai da Kyakkyawan Aiki: Tunawa da Wata Uwa a Zangon Kumasi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai rayawa mai kashewa, wanda ya halicci mutuwa da rayuwa domin ya jarraba mu ya bayyana wanda ya fi kyawun aiki a cikinmu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Iyayena, malamaina, 'yan'uwana maza da mata na Zangon Kumasi da na sauran zanguna, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Imamu Tirmizi ya ruwaito daga Abu Bakrata, Allah ya yarda da shi, cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wane ne mafi alherin mutane, sai ya ce wanda rayuwarsa ta yi tsawo kuma aikinsa ya yi kyau. Da mutumin ya sake tambayar wane ne mafi sharrin mutane, sai ya ce wanda rayuwarsa ta yi tsawo kuma aikinsa ya munana. A wani hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito daga Abu Huraira, Annabi ya sanar da mu cewa shekarun al'ummarsa tsakanin 60 ne zuwa 70, kuma kaɗan ne ke wuce haka. To, duk wanda Allah ya ja kwanansa har ya haura 90 yana kan sallarsa da zumuncinsa, an ba shi abin da ba a bai wa mafi yawanmu ba, kuma wajibi ne waɗanda suka rayu kusa da shi su tsaya su duba abin da ya yi da wannan kyauta.

Irin wannan baiwar Allah muka raka makwancinta a maƙabartar Tafo kwanan baya. Ba zan ambaci sunanta ba, domin a rayuwarta ba ta son a yi shelar alherinta, kuma mutanen Aboabo da suka san ta za su gane ta ba sai na faɗa ba. 'Ya'yanta suna kiranta Mma, jikoki da tattaɓa-kunne suna kiranta Kaka, sauran unguwa kuwa Hajiya. Ni a gidanta na tashi, domin iyayena sun yi haya a ɗaya daga cikin ɗakunan da ke kewaye da tsakar gidan, saboda haka abin da zan faɗa wani na gani da idona, wani kuma na ji daga bakin mahaifiyata da sa'o'inta.

Kakanninta suna cikin fataken Gwanja da suka gangaro kudu bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar goro, wasu suka zauna a Kete Karachi, wasu a Kintampo, wasu daga baya suka iso Kumasi. Ba ta da takardar haihuwa, kamar yawancin matan zamaninta, amma takan ce tana goyon ɗanta na biyu a ranar da Gana ta sami 'yancin kai, wato 6 ga Maris, 1957. Ta yi ciniki da fam da sule kafin sidi ya fito a 1965, ta ga sojoji sun hau sun sauka, ta ga gidajen ƙasa na Zango sun koma na siminti. Duk wannan tsawon lokaci aikinta na asuba bai sauya ba.

Tun kafin ladan ya yi kiran farko take tashi. Geron da ta jiƙa ta kai niƙa tare da citta da kanumfari da masoro da barkono, ta tace shi tun jiya ya kwana ya yi tsami, sai ta tsiyaye ruwan da ke sama ta tafasa shi, ta dama gasarar da shi har koko ya yi kauri daidai yadda take so. A gefe guda an surfe wake an niƙa, ƙullu yana jiran bugu, domin ƙosai ba ya tashi sai an buge shi da kyau. Idan aka kira salla sai ta rage wuta, ta ɗaura alwala, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, kuma ban taɓa ganin ta jinkirta Asuba domin mai ya yi zafi ko domin mai saye ya iso ba. Bayan ta sallame ta yi lazimi sannan a fitar da tukunya bakin titi. Akwai wani ƙaramin kwano mai murfi da take cikawa tun kafin ta sayar wa kowa, ta ajiye shi a ƙarƙashin teburi. Wannan na yaran makaranta ne da suka fito ba kuɗin karin kumallo, da 'yan matan arewa masu dako a kasuwar Kejetia waɗanda suke wucewa da tasoshinsu tun gari bai waye ba. Ba ta tambayar yaro ina kuɗinka, sai dai ta kalli fuskarsa ta ce miƙo kofinka. Da wannan tukunya ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta, ta allo da ta boko, da ita ta yi kayan ɗakin 'ya'yanta mata, kuma da adashin da take zubawa daga cikinta ta haɗa mafi yawan kuɗin da ta sauke farali da shi bayan girma ya kama ta.

Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Mu a yau mun fi son aiki mai girma da za a yi sau ɗaya a ɗauki hoto a sa a Facebook, alhali wannan baiwar Allah ta shafe shekaru masu yawa tana cika kwano ɗaya kowace safiya ba tare da ta ƙirga ba. Ina kyautata zaton abin da ke cikin wancan kwano ya fi nauyi a mizani fiye da abubuwa da yawa da muke tinƙaho da su.

Maigidanta, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar goro ne. Yakan shiga ƙauyukan Asante ya sayo, a kawo gida a ɓare a wanke, a ware marsa daga ƙanana, a jera a huhu a lulluɓe da ganye, sannan a loda zuwa Legas ko arewa. Duk wanda ya san goro ya san ba ya son sakaci, domin idan sankara ta shiga huhu ba a lura ba, dukiyar shekara ce za ta tafi. Hajiya ce take zama ta kwance huhu ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da wanda ya ɓaci, ta sauya ganye, ta yayyafa ruwa, alhali maigidan yana kan hanya wani lokaci wata guda ko fiye. Ya yi arziki ya kuma yi karaya, kamar yadda kasuwa ta gada, amma mahaifiyata ta shaida mini cewa a shekarun karayarsa babu wanda ya ji daga bakin Hajiya cewa tukunyar kokonta ce ke ciyar da gidan. Idan ta sayo cefane da kuɗinta sai ta ce wa yara ku je ku yi wa babanku godiya. Da abokiyar zamanta ta rasu ta bar yara ƙanana, ita ce ta kwashe su zuwa ɗakinta, kuma mu da muka tashi a gidan sai da muka girma muka san waɗanda ta haifa da waɗanda ta riƙa. A ƙarshen rayuwar maigidan ɓarin jikinsa ya shanye, ya daɗe a kwance, ita ce take juya shi, take yi masa alwala, take ba shi abinci a baki, har Allah ya karɓi abinsa, ta zauna takaba wata huɗu da kwana goma kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta yi umarni.

A nan ina so in yi magana da 'yan'uwana maza kai tsaye, domin na san yadda ake amfani da labarin irin waɗannan iyaye. Da zarar an ambaci haƙurin matan da, sai wani ya ɗauki maganar ya tafi gida ya jefi matarsa da ita, alhali shi bai sauke ko rabin haƙƙin da ke kansa ba. Gaskiya ne Imamu Ahmad ya ruwaito cewa mace idan ta yi sallolinta biyar, ta azumci watanta, ta tsare mutuncinta, ta yi wa mijinta biyayya, za a ce mata ta shiga Aljanna ta ƙofar da ta so. Amma Annabin da ya faɗi wannan shi ne kuma ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa, kuma ni ne mafi alherinku ga iyalina. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli a wuyan miji Allah ya ɗora su, saboda haka abin da Hajiya ta kashe a kan gidanta sadaka ce daga gare ta, kuma maigidanta ya san haka, domin a gaban mutane yakan ce wannan baiwar Allah ta rufa masa asiri. Wanda yake son matarsa ta zama irin Hajiya, to ya fara tambayar kansa ko ya taɓa yi mata godiya a gaban 'ya'yansa, ko kuwa ya mayar da haƙurinta abin dogaro yana zaune a bakin titi tun safe har dare. Haƙurin mace lada ne a gare ta, amma ba ya ɗauke wa azzalumi hisabi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihinta shi ne riƙon amana. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta fitar da dokar da ta bai wa baƙi marasa takardar izinin zama mako biyu su bar ƙasar. Dattawan Zango har yau idan aka ambaci wannan shekara sai jikinsu ya yi sanyi, domin mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai wannan, sun wayi gari suna neman motar Najeriya da Nijar da Togo da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Mutane sun sayar da kayansu a wulaƙance, wasu ma ba su sami mai saye ba. Iyalin Hajiya Allah ya ƙaddara sun zauna, sai maƙwabta suka riƙa kawo mata abin da ba za su iya ɗauka ba: akwatin zannuwa, tasoshi da kwanonin aure, keken ɗinki, har da 'yan kunne a ƙulle cikin tsumma. Ba ta iya rubutun boko ba, sai ta sa ɗanta ya rubuta sunan kowa da ajami a ɗaura a jikin kayansa. Ta ware ɗaki guda ta kulle, ɗakin da za ta iya ba da haya ta sami kuɗi. Wasu sun dawo bayan 'yan shekaru sun karɓi kayansu, wasu sun aiko 'yan'uwa, wasu kuwa shiru. Akwai akwati ɗaya da ya zauna a wurinta har 'yar mai shi, wadda aka tafi da ita a goye, ta zo Kumasi da nata goyon tana tambayar gidan, aka buɗe mata shi ta tarar da zannuwan mahaifiyarta yadda aka ninke su.

Ku tuna cewa a cikin waɗannan shekaru ne aka yi 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, wadda kuma a farkonta Najeriya ta koro 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka dawo gida babu abinci a ƙasa. Gero ya yi wuya har tukunyar koko ta tsaya na wani lokaci, gidan ya cika da waɗanda suka dawo, ana dafa abinci sau ɗaya a wuni. An ba ta shawara ta buɗe ɗakin nan ta sayar da wani abu, tunda masu kayan ba a san ko suna raye ba, ta ce a bar wa mutane kayansu, wanda ya halicci bakin ba zai hana shi abin sawa ba. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 58, lalle Allah yana umartarku ku mayar da amanoni ga masu su. Ita ba ta yi zurfin karatu ba, iyakarta abin da za ta yi salla da shi da abin da take ji a wajen tafsirin watan azumi, amma wannan aya ta aikata ta a lokacin da cikinta da na 'ya'yanta babu komai. Mu da muka haddace ayar har da tafsirinta, nawa ne a cikinmu ɗan'uwa zai aiko masa da kuɗin gini daga Jamus ko Italiya ya dawo ya tarar da ginin?

Sannan tsufa ya zo kamar yadda Allah ya siffanta shi a aya ta 54 ta Suratur Rum, cewa shi ne ya halicce ku daga rauni, sannan ya sanya ƙarfi bayan rauni, sannan ya sanya rauni da furfura bayan ƙarfi. Da farko gwiwa ce ta hana ta tsayuwa, sai ta koma salla a zaune, bisa sauƙin da Annabi ya yi wa Imrana ɗan Husaini cewa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Daga baya ido ya yi rauni, ta miƙa tukunyar ga ɗaya daga cikin jikokinta tare da sharaɗin kada a daina cika ƙaramin kwanon. A shekarunta na ƙarshe mantuwa ta kama ta, takan kira jika da sunan mahaifiyarsa, takan tambayi mutanen da suka daɗe da rasuwa, amma abu ɗaya bai ɓace mata ba, wato tambayar ko an kira salla. Takan yi La'asar ta manta ta yi, ta sake neman buta. Buhari ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya, ana rubuta masa kwatankwacin abin da yake aikatawa yana zaune a gida lafiya lau. Wannan bushara ce ga wanda ya cika kwanakin ƙarfinsa da ibada, kuma gargaɗi ne ga matashin da yake cewa sai ya tsufa zai tuba, domin ranar da ƙarfi ya ƙare abin da mutum ya saba da shi ne ake ci gaba da rubuta masa.

Ranar jana'izarta sahu ya cika har titi. Na ga dattawa da sanduna waɗanda suka sha kokonta suna yara, na ga maƙwabtanmu Asantawa, Kiristoci, waɗanda suka daɗe suna ciniki da ita, sun zo sun tsaya a gefe suna share hawaye. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa an wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta da alheri, Annabi ya ce ta tabbata, aka wuce da wata suka ambace ta da sharri, ya ce ta tabbata, sannan ya bayyana musu cewa Aljanna ta tabbata ga ta farko, wuta ga ta biyu, domin su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Ba ma yanke wa kowa Aljanna, wannan na Allah ne, amma muna kyautata mata zato saboda shaidar da aka yi mata.

Yanzu ga nasihar da ta sa na ɗauki alƙalami. Mun zama mutanen da suka iya karrama tsohuwa bayan ta mutu fiye da lokacin da take numfashi. Da zarar an ce ta cika, sai a fitar da yayi, wato yadi iri ɗaya da kowa zai ɗinka ya sa, a buga hotonta a manyan takardu, a kafa rumfuna a tare hanya, a yi hayar kujeru da lasifika, a dafa shinkafa buhu-buhu, waɗanda ke Amurka da Ingila su sayi tikitin jirgi cikin kwana biyu. Ba na shiga saɓanin malamai a kan addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, kowa yana da malaman da yake bi kuma ba wannan ne wurin ba. Abin da nake tambaya shi ne, kuɗin da aka samu a mako guda domin rumfa da yayi, ina yake lokacin da take buƙatar maganin hawan jini, ko katifa mai kyau, ko a gyara mata makewayi kusa da ɗakinta domin kada ta faɗi da dare? Hajiya Allah ya rufa mata asiri, ta sami 'ya'ya da jikokin da suka tsaya a kanta har ƙarshe. Amma ku zagaya gidajen Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Yalwa, za ku tarar da sa'o'inta a ɗakunan ƙurya, ana tura musu abinci ta hannun yaro, a wuni babu wanda ya zauna ya yi hira da su, kuma idan sun maimaita magana sau biyu sai a daka musu tsawa.

Allah ya haɗa bautarsa da kyautata wa iyaye a aya ta 23 da ta 24 ta Suratul Isra'i, ya kuma ambaci lokacin tsufa musamman, ya hana a ce musu ko da tir, ya hana a yi musu tsawa, ya yi umarni a faɗa musu magana mai daraja, a sassauta musu cikin jinƙai, a roƙa musu rahama kamar yadda suka yi reno tun ana ƙarami. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya ce hancinsa ya turbuɗe, har sau uku, wanda ya riski iyayensa a lokacin tsufa, ɗayansu ko dukansu, sannan bai shiga Aljanna ba. Kuma da aka tambaye shi wanda ya fi cancantar kyakkyawar mu'amala, uwa ya ambata sau uku kafin ya ambaci uba. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya ga wani mutumin Yaman yana ɗawafi da mahaifiyarsa a bayansa, mutumin ya tambaye shi ko ya biya ta, ya ce masa a'a, ko da nishi ɗaya na naƙuda.

'Yan'uwana da ke ƙasashen waje, na san wahalar da kuke sha, na san sanyi da aikin dare da rashin takarda, kuma kuɗin da kuke turowa ta waya yana riƙe da gidaje da yawa a Zango, Allah ya saka muku da alheri. Sai dai tsohuwa tana buƙatar muryar ɗanta kamar yadda take buƙatar kuɗinsa. Kira ta WhatsApp ba ya cin komai, ka bari ta gan ka, ka saurari labarin da ta ba ka jiya ta sake ba ka yau, kada ka ce Mma ina sauri. Idan kuma kana da halin zuwa, ka zo tana iya gane ka ta sa maka albarka da bakinta. Ku kuma da kuke gida, musamman 'ya'ya mata da surukai da jikoki waɗanda wankin tsohuwa da jinyarta suka faɗo a kansu, ku sani aikin da kuke yi a ɓoye Allah yana ganinsa, kuma haƙƙi ne a kan sauran dangi su taimaka muku da kuɗi da karɓar kwana, kada a bar wa mutum ɗaya nauyin gida guda sannan a zo ranar makoki a zauna a kujerar gaba.

Bayan an binne ta kuma, haƙƙinta bai ƙare ba. Abu na farko shi ne bashi, domin Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Matan kasuwa suna da 'yan basussukan da ba a rubuce suke ba, na mai gero, na mai gawayi, na zubin adashi, saboda haka a bincika a biya kafin a sayi ko yadi ɗaya na yayi. Sannan a zartar da wasiyyarta idan ta bari, cikin sulusin dukiyarta, a raba gado yadda Allah ya raba shi a Suratun Nisa'i, a bai wa mata kasonsu ba tare da an ce su yi haƙuri ba. A nan ne gidajenmu da yawa suke rushewa. Gidan gado a Zango yakan zauna lafiya muddin tsohuwa tana raye, domin kunyarta ake ji, amma da ta kwanta dama sai rigimar ɗakuna da kuɗin haya ta tashi, 'yan uba su daina gaisawa, magana ta bar gaban liman da Sarkin Zango ta koma kotu. Matar da ta shayar da 'ya'yan abokiyar zamanta ba ta bambanta su da nata ba, babu abin da zai fi zama cin amanarta kamar waɗannan 'ya'ya su raba gari a kan ɗaki biyu.

Muslim ya ruwaito cewa idan ɗan'adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari da yake yi masa addu'a. Da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu, ya tambayi Annabi ko zai amfane ta idan ya yi sadaka a madadinta, ya ce masa e, sai ya ba da gonarsa sadaka dominta, kuma a wata ruwayar an nuna masa shayar da ruwa. Unguwanninmu suna fama da ƙarancin ruwa, makarantunmu na allo da na Islamiyya suna buƙatar tabarmi da rufi da albashin malamai, marayu suna barin karatu saboda abin da bai kai kuɗin hayar rumfa ɗaya ba. Iyalin da suka haɗa kuɗi suka haƙa rijiyar burtsatse a bakin masallaci da niyyar ladan ya isa ga mahaifiyarsu, sun yi mata abin da zai daɗe yana isa gare ta a kabari. Wanda ba shi da wannan hali, ya ɗauki karin kumallon yaro ɗaya ya dawwama a kai.

Akwai kuma sunnar da muka yi sakaci da ita ƙwarai. Nana A'isha ta ba da labari cewa Annabi yakan yawaita ambaton Nana Khadija bayan rasuwarta, kuma yakan yanka akuya ya yayyanka naman ya aika wa ƙawayenta. Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa yana daga mafi girman biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa bayan ya rasu. Hajiya ta bar ƙawaye 'yan kaɗan, waɗanda suka yi zubin adashi tare, suka yi wa juna wankan jego, suka raka juna biki da makoki tun suna amare. Ɗaya daga cikinsu ba ta sami zuwa jana'iza ba saboda ƙafa, kuma da aka je yi mata gaisuwa abin da ta fara cewa shi ne yanzu wa zai riƙa aiko mata da koko da safe. Jikar Hajiya ta ɗauki wannan alkawari, kuma ina roƙon duk wanda ya rasa uwa ko kaka ya zauna ya tuna su waye ƙawayenta da suka rage, ya je ya durƙusa ya gaishe su a wannan Juma'ar, ya tafi musu da goro ko sabulu ko abin da ya sawwaƙa, ya tambaye su abin da suke buƙata.

Ya Allah ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yafe mata, ka girmama masaukinta, ka yalwata kabarinta, ka musanya mata gida mafi alheri daga gidanta, ka kare ta daga azabar kabari da azabar wuta. Ka bai wa iyalinta haƙuri, ka haɗa kawunansu. Ka jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka riga mu, waɗanda suke raye kuma ka ƙara musu lafiya, ka ba mu ikon yi musu hidima. Amin.